Gayyar Koyon Turanci

Malamai sukan raba ɗalibai rukuni-rukuni a darasin Turanci, amma sau da yawa sai yaro ɗaya ya mamaye magana, saura kuwa su yi tsit don gudun dariya.

A 1971, a birnin Ostin na Amurka, masani Elliot Aronson ya fito da maganin irin wannan matsala. Akan raba darasi kashi-kashi, a damƙa wa kowane ɗalibi kashi ɗaya ya koya wa 'yan'uwansa, sa'an nan a jarraba su a kan darasin duka. To, wanda ya yi wa mai tuntuɓen harshe ba'a, kansa ya cuta, gama abin da yake bukata yana bakin wancan. Ta haka mai kunya yakan sami masu sauraro, har harshensa ya warware.