Ba Aku Muke Reno Ba

'Yan'uwa malamai da iyayen yara, a farkon zangon nan wani uba a nan Jama'a ya cire ɗansa daga aji biyu. Laifinmu, in ji shi, ya leƙo ta taga ya tarar muna koyar da lissafi da Hausa. Ya kai yaron makarantar kuɗi, inda ake horon duk wanda ya yi Hausa. Daga Gwarzo har Kabo babu malamin da bai san irin wannan uba ba.

Mun san abin da yake tsoro. Da Turanci ake rubuta WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki. Amma yaro ɗan shekara shida da bai taɓa jin Turanci a gida ba, idan aka fara masa da shi, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, ga baƙon harshe ga baƙon darasi. Sai ya koma hadda. Yana rera gaisuwa da Turanci, uba yana murmushi, alhali ko sunansa ba ya iya karantawa a allo. Mu ne muke karɓar irinsu a aji biyar, mu koma da su kan baƙi da wasali.

An riga an gwada. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana darasi mai zaman kansa. Sun zarce takwarorinsu, har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma da harshen gida ta ce a fara. A 2022 gwamnatin tarayya ta mayar da shi shekara shida, ba ta kawo mana littattafai ba. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya soke, wai ita ta jawo faɗuwa a jarrabawa. Ta yaya maganin da ba a ba majinyaci ba zai zama shi ya kwantar da shi?

Ranku ya daɗe, da wane harshe ake yi muku tafsiri da azumi? Da wane harshe malamin Islamiyya yake fassara wa 'ya'yanku Ahalari? Wa ya taɓa cewa wannan ilimin ragagge ne?

Muna kira ga reshenmu ya sa wannan magana a kowane taron iyaye da malamai na zangon nan, ya kuma nemi hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta samar da littattafan karatu na Hausa da ƙwararrun malaman Turanci. Ku kuma iyaye, yau da dare ku kira yaron ya rera muku abin da ya haddace, sannan ku tambaye shi ma'anarsa. Gani ya kori ji.