A Sallami Majinyaci Hannu Rabbana: Wannan Ma Zalunci Ne!

Abin takaici ne yadda ake sallamar raunanan bayin Allah daga sashen gaggawa na asibitocin ƙasar nan ba tare da wata takardar bayani ba. Wanda ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, a ɗinke masa kai, a rubuta masa magani da Turancin da sai mai kemis ke iya karantawa, sannan a ce ya tafi gida. Idan ya kama amai cikin dare, ko barci mai nauyi ya danne shi, ko jini ya fito ta kunne, iyalinsa ba su san cewa alamun rauni a ƙwaƙwalwa ba ne. Sai dai a wayi gari ana Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahukunta ba su da hanzari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji. Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da suka ƙaddamar a 2018 ya maimaita haka. Su suka rubuta, su kuma suka take, don su a Ingila da Masar ake duba su.

Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan. Gaskiya ne, kuma laifin waɗanda suka wawure dukiyar al'umma ne. Amma takarda guda da aka buga tun farko nawa take ci? Za a ce talakawa ba su iya karatu ba. A ƙasar Shehu Abdullahin Gwandu? To a rubuta da ajami mana!

Allah Ta'ala Ya yi umarni a Suratul Baƙara da a rubuta bashi. Ina ga ran mumini?

Saboda haka wajibi ne Asibitin Sir Yahaya, da Asibitin Tarayya na Birnin Kebbi, da Babban Asibitin Argungu su riƙa bai wa kowane majinyaci takarda da Hausa, boko da ajami: ciwonsa, yadda zai sha magani, ranar cire zare, da alamun da za su sa a dawo da shi nan take.

'Yan uwa matasa masu raka marasa lafiya kuma kada su fito sai sun tambaya cikin ladabi, sun rubuta da hannunsu, sun karanta wa likita ya tabbatar. Jinya amana ce, kuma za a tambayi kowa ranar gobe ƙiyama.