Allurar Gwiwa: Magani ko Lallashi?

A ƙasar Hausa an ɗauki allura a matsayin sarauniyar magunguna, shi ya sa dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi tsugunawa ba ya gamsuwa sai an tsira masa ita. Asalin wannan ciwo shi ne zaizayewar guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙasusuwan gaɓa, har ƙashi ya soma gugar ƙashi. To, a cikin alluran da ake yi a gwiwa, wacce ce ta cancanci kuɗin majiyyaci?

Ta farko ita ce ta kotizon, wadda ake yi tun 1951. Tana da araha, tana kwantar da kumburi, amma sauƙinta na 'yan makonni ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya bi mutum 140 har shekara 2. Waɗanda aka riƙa yi wa ita duk wata 3 guringuntsinsu ya fi zaizayewa, kuma ba su fi waɗanda aka yi wa ruwan gishiri samun sauƙi ba. Tana kuma tayar da suga ga masu ciwon suga.

Ta biyu ita ce ta hayaluronik, mai yauƙi irin na ruwan gaɓa. Da masana suka tattara gwaje-gwaje 169 a 2022, sai suka tarar fifikonta a kan allurar bogi bai taka kara ya karya ba.

Ta uku ana tace ta ne daga jinin majiyyacin kansa, kuma tana da tsada ƙwarai. A Ostareliya an gwada ta a kan mutum 288, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bayan wata 12 ba ta fi ruwan gishiri ba.

A nawa ganin, kotizon ce kaɗai ke da gurbi bayyananne, wato ranar da gwiwa ta kumbura ta hana barci. Ko ita ma ƙwararren likita ne zai yi ta, jefi-jefi, domin ƙazamar allura kan shigar da ƙwayoyin cuta cikin gaɓa. Sauƙin da ta kawo dama ce ta ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba, tunda kowane kilo 1 da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Wanda ya tsaya ga allura kaɗai, to tsugune ba ta ƙare ba.