Gwajin da ba ya faɗuwa ba gwaji ba ne

Kwana biyu na yi a kan layi ɗaya tak, kuma layin ma ba a cikin ainihin laburaren kompaila yake ba, a cikin gwaje-gwajensa yake. Da na faɗa wa wani abokina da muke koyon kod tare, sai ya ce, "Mutumina, kai kuwa ba ka da aikin yi ne?" Ni dai har yanzu ina ganin wannan yana cikin ayyuka mafi amfani da na taɓa yi.

Kompaila ita ce manhajar da ke juya kod ɗin da muka rubuta zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Ɗauki GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Ita da laburarenta na C++, wato libstdc++, ana gwada su ne da DejaGnu, wanda aka gina a kan yaren Tcl. Gwaje-gwaje da yawa a can suna dogara ne da rejeks, ɗan tsarin alamomin da ke cewa "nemo mini rubutu mai wannan siffa". Idan an samu, gwaji ya wuce.

Nan ne matsalar take ɓuya. A yaruka kamar Python da Perl, ɗigo a cikin rejeks ba ya tsallake ƙarshen layi sai ka ba shi izini. A Tcl kuwa yana tsallakewa kai tsaye. Saboda haka idan ka rubuta `mov.*eax` kana nufin kalmomin biyu su zo a layi guda, zai iya ɗauko `mov` daga saman fayil, ya gangara ƙasa ya samo `eax` a wurin da ba ruwansa da shi, ya ce maka komai lafiya. Shi ya sa za ka ga masu aikin GCC suna rubuta `[^\n\r]*` a madadinsa. Irin wannan ne na tarar a laburaren da na yi aiki a kansa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni: gwajin da aikinsa shi ne tabbatar da cewa wani rubutu bai fito ba, irin `scan-assembler-not`. Ka yi kuskuren harafi ɗaya a ciki, shi ke nan, ba zai taɓa samun komai ba, kuma kullum zai ce ya wuce. Mai gadi ne da ya yi barci a bakin ƙofa, mutanen gida kuma sun saki jiki saboda suna ganin inuwarsa. Gara a ce babu gwajin, aƙalla kowa ya san wurin a buɗe yake.

Na san masu cewa gyaran gwaji ba ya ƙara wa manhaja komai da mai amfani da ita zai gani. Gaskiya ne. Amma duk manhajar da ke wayarka ta bi ta hannun wata kompaila, kuma idan kompaila ta fara fitar da abin da ba daidai ba, kai da ka rubuta kod mai kyau ne za ka kwana kana zargin kanka.

Bayan na gyara layin, sai na ɓata kod ɗin da gangan na sake kunna gwajin. Ya faɗi. Na mayar da shi daidai, ya wuce. Sai a lokacin na tura gyaran.