Kafin a rushe ɗaki, a tambayi inda mai gadi yake kwana

Ƴan kasuwa, iyayenmu mata da maza na Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa. Yau zancena a kan kwamfuta yake, musamman irin ta hannu da aka riga aka yi aiki da ita, wadda wasunku suke saye don ɗa ko ɗiya su riƙa rubuta lissafin kanti da sunayen masu bashi.

Akwai wadda idan an kunna ta takan tsaya ta ce a zaɓa: Windows ko Ubuntu. Ma'anar wannan ita ce an raba diskinta gida biyu, kamar shagon da aka ja wa bango a tsakiya. Sai mai ita ya ga ɗaki guda ba ya shigarsa, ya ce wa yaro ya share shi a samu fili.

Haka ta faru da wata innata mai sayar da atamfa. Mai gyara ya share ɓangaren Ubuntu cikin minti kaɗan, da aka sake kunnawa sai baƙin allo da rubutun "grub rescue". Da ya ruɗe sai ya wanke diskin duka ya zuba sabon Windows, bashin da take bi na shekara biyu ya tafi. Waɗanda suke tsoron Allah sun zo sun biya, sauran har gobe.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, wannan ɗan allo mai cewa a zaɓa, wanda ake kira GRUB, shi ne mai gadin gidan, kuma kayan aikinsa a ɗakin Ubuntu suke. In ka rushe ɗakin, babu mai buɗe ƙofa, alhali Windows da takardunka suna nan ciki lafiya lau. Da ya kawo ƴar kile ta USB mai ɗauke da Windows ya gyara mashigar, da ba a rasa ko suna guda ba.

Don haka Hajiya, Alhaji, kada ku bar kowa ya taɓa diski sai ya kwafe lissafinku a kile, ya buɗe shi a wata na'ura kun gani da idonku. Sannan ya maida wa Windows makullin ƙofa, daga baya ya share ɓangaren da ba a so, ya haɗa filin da na Windows. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, ku ɗauki abinku ku yi gaba.

Amma ni a ganina, a yi tunani ma kafin a share. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ubuntu, wanda ya fito tun 2004, kyauta ne, ana ci gaba da sabunta shi, kuma manhajar LibreOffice tana buɗe takardun Excel. Ke nan ɗakin da ake gaggawar rushewa yana iya zama shi ne mafakar gobe.

Na san za a ce yaranmu Windows suka koya, kuma masu gyara sun fi saninsa. Gaskiya ne, ban ce kowa ya ƙaura yau ba. Wanda diskinsa ya cika har aiki ya tsaya, ya share, amma bisa ƙa'ida. Wanda yake da sauran fili, ya bar shi, ba ya cin gero.

Littafin bashi na takarda kuwa kada a jefar da shi don an sayi na'ura. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.