Don Allah ku daina fesa baƙin fenti a cikin tsofaffin motoci 🧵

1/ Jama'a, yau maganar tsofaffin motoci za mu yi. Mutum zai gaji Peugeot 504 ko Marsandi W123 ta babansa, ya kai ta gyara, a dawo masa da ita dashbod, marfin ƙofa, madafin hannu, komai an fesa masa baƙin fenti mai ƙyalli. Ni a wajena wannan ɓarna ce, kuma zan kawo dalilaina.

2/ Mu fara da darajar abin. Peugeot ta fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta. A nan gida PAN ta fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ta ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa.

3/ Wato motar da ke fake a garejin gidanku da ƙura a kanta, wataƙila a Kakuri aka haɗa ta, da hannun iyayenmu. Ƙungiyar FIVA mai kula da motocin tarihi a duniya tana lissafa mota a cikin na tarihi idan ta kai shekara 30. Ku duba takardun taku, ƙila ta wuce nan tun tuni.

4/ Abin da mutane da yawa ba su sani ba: yawancin robobin cikin mota ba fenti aka yi musu ba. Tun robar tana narke ake zuba mata launi, sannan a tura ta cikin mazubi. Launin yana cikin jikinta gaba da baya. Shi ya sa ko an karce ta, ƙasan ma launin ɗaya ne.

5/ Amma akwai sassan da masana'anta da kanta ta fesa wa launi. Kamfanonin Amurka irin su GM a shekarun 1960 da 1970 sukan zuba wasu sassa da launi guda, sannan su fesa musu wanda ya dace da kujerun kowace mota. Fenti ne siriri, marar ƙyalli sosai, wanda aka haɗa musamman don roba.

6/ Ta yaya za ka gane? Kwance sashen ka juya bayansa. In launin baya da na gaba iri ɗaya ne, a cikin robar yake. In bayan baƙi ne ko toka, gaban kuma shuɗi, har kana ganin ɓurɓushin feshi a gefe, to fesa shi aka yi tun daga masana'anta. Wannan dubawar ba ta wuce minti biyar.

7/ Sannan ba duk roba ce ɗaya ba. Akwai ABS, mai tauri. Akwai PP, mai ɗan lanƙwasa da santsi kamar kakin zuma. Akwai PVC, wato ledar da aka lulluɓe soson dashbod da ita. Sababbin sassa suna da tambari a baya kamar >PP< ko >ABS<. Na shekarun 1970 da yawa ba su da shi.

8/ In babu tambari kuma kana da ɗan guntun da ya karye, jefa shi a kofin ruwa. PP ya fi ruwa rashin nauyi, yakan taso sama. ABS yakan nutse. Me ya sa za ka damu da wannan? Saboda kowacce da yadda take karɓar fenti.

9/ PP ba ta riƙe fenti sai an fara shafa mata sinadarin da ke sa ya kama. In ba haka ba, wata biyu kacal sai ka ga yana ɓarewa kamar fatar maciji. ABS kuma akasin haka: tina mai ƙarfi tana narkar da fuskarta, ta yi laushi, daga baya ta tsattsage.

10/ Ledar dashbod tana buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. Fentin jikin mota an yi shi ne don ƙarfe, in ya bushe tauri yake yi. Ka ɗora shi a kan abin da ke motsi kullum, me kake tsammani? Daga zafin Afrilu zuwa sanyin hunturu zai fashe.

11/ Ga maganar zanen fuska. Ka shafa dashbod ɗin tsohuwar mota, za ka ji wasu ƙananan gurza-gurza kamar fatar dabba. A jikin mazubin aka sassaƙa su. Fenti mai kauri yana cike su, samfefa tana share su. In sun tafi, wallahi sun tafi kenan, babu mai dawo maka da su.

12/ Wannan kuma ya shafi rai. Da gangan ake yin saman dashbod da launi mai duhu marar ƙyalli, don kada hotonsa ya riƙa fitowa a gilashin gaba. Ka sa masa ƙyalli, ka hau titin Kano zuwa Zariya da tsakar rana, hasken zai riƙa dukan idonka daidai inda kake kallon hanya.

13/ To me ke kashe launin tun farko? Rana. Haskenta yana karya sinadaran robar, launi ya koɗe, fuskar ta yi fari-fari kamar alli. Farar ABS kuma takan koma ruwan ɗorawa. Dashbod ɗin motar da aka kulle a rana yana iya wuce digiri 70, kuma mu nan rana ba ta hutu.

14/ Ita PVC akwai wani mai a cikinta da ke sa ta laushi. Zafi yana fitar da shi a hankali, shi ne wani ɓangare na hazon da kake gani a cikin gilashi. In ya ƙare sai ledar ta bushe ta tsage. Fenti ba ya maganin wannan, rufe ciwon kawai yake yi.

15/ Na san wani zai ce "motata ce, ina ruwanka?" Gaskiya ne malam, taka ce. In haya kake yi da ita tsakanin tasha da tasha, babu mai ganin laifinka. Amma in ka ce adana ta kake yi, ko kana fatan wata rana ta yi kuɗi, to da hannunka kake rage mata daraja.

16/ Masu sayen irin waɗannan motoci abin asali suke nema. A gasar Pebble Beach ta Amurka a 2024, Bugatti Type 59 ta 1934 wadda ba a sabunta ta ba ce ta ɗauki babbar kyauta, karo na farko da motar rukunin adanawa ta yi hakan. Da tabonta da koɗewarta ta doke masu sheƙi.

17/ Kuma launukan wancan zamanin su ne daɗin abin. W123, wadda aka fara a 1976, ta zo da ciki shuɗi, kore, ja, ruwan ƙasa. Yau ka leƙa sababbin motoci, kusan duk baƙi ne ko toka. Ka samu mai koren ciki sannan ka mayar da ita baƙa? Haba dai.

18/ Abin da ya kamata a yi. Na farko, wanki. Ruwan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, buroshi mai laushi. Sau da yawa abin da kake zaton koɗewa ce, ƙurar shekara 40 ce da maiƙon hannu. Banda fetur, banda tina, don Allah.

19/ Na biyu, ka guji man gogen dashbod mai silikon da ake fesawa a wajen wankin mota. Yana sa ƙyalli, yana jan ƙura, kuma ranar da za ka buƙaci sake launi, shi ne zai hana shi zama, ya riƙa yin ƙananan ramuka.

20/ Na uku, in dole sai an sake launi, a nemo na asali. Duba inda rana ba ta taɓa ba: bayan marfin ƙofa, ƙarƙashin kujera, cikin aljihun dashbod. Marsandi tana da katin bayanai ga kowace mota mai ɗauke da lambar launin waje da ta ciki, ana nemansa da lambar shasi.

21/ Sai a yi amfani da launin da aka yi don roba da leda, a kwance sashen daga mota, a fesa siriri sau biyu ko uku, marar ƙyalli. A fara gwadawa a baya tukuna. In mai fentinka ya ce "oga bari kawai in watsa masa na bodi", ka gode masa ka ɗauki kayanka.

22/ Na huɗu, kafin ka fenta sashen da ya lalace, zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi masu kayan tsofaffin motoci. Sashe na asali mai ɗan koɗewa ya fi fentacce. Wanda ka cire kuma kada ka yar, ajiye shi, shi ne samfurin launinka.

23/ Na ƙarshe kuma mafi arha: inuwa. Rumfa, ko abin rufe gilashi, ko tawul a kan dashbod. Injin da ya mutu bakanike zai tashe shi, ƙarfen da ya yi tsatsa mai walda zai yanke ya sa wani. Robar 1978 in ta lalace, samun irinta sai an sha wahala.

24/ Wanda ke da 504, 505, Beetle ko tsohuwar Marsandi a gida, ya ɗauko mana hoton cikinta ya ajiye a ƙasa, musamman in ba a taɓa ta ba. Ina son mu ga launukan da suka rage a gidajenmu. Ku kuma tura wa wanda kuka san yana shirin kai tasa wajen mai fenti. 🙏🏾