Habaici Sai Da Kusanci

Turawa suna da wata kalma, "intimate", mai fuska biyu. Idan aka siffanta mutum da ita, ana nufin amini na ƙut-da-ƙut. Idan kuma aikatau ce, ana nufin a sanar da mutum abu a kaikaice. Asalinta daga Latin ne, "intimus", wato abin da ke can ciki-ciki. Ita kuwa "innuendo" daga gyaɗa kai ta samo asali, ka ga zunɗenmu ke nan, sai dai mu da leɓe muke yi. "Allude" kuma tushenta wasa ne.

Ba don mu burge kowa da Latin muka kawo wannan ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda kalma guda ta haɗa kusanci da ishara, domin a Hausa ma haka abin yake, mu ne dai marubuta muke sakaci da shi.

Muna da habaici, muna da shaguɓe, gugar zana, hannunka mai sanda, ga kuma zambo da ke fitowa fili ya nuna mutum. Kowanne da gurbinsa. Amma duba labaran da muke rubutawa: kishiya ta tsaya gaban kishiya tana cewa "na tsane ki", miji yana zayyana wa matarsa duk abin da ke ransa kamar mai ba da shaida a kotu. A wane gida ake magana haka?

Mu ɗauki Haɗeja. Duk wanda ya san fadamar nan ya san kachala, ciyawar da ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, ta hana masunta da manoman shinkafa sakat. To a ce ƙanin miji ya zo kwana uku ya share wata biyar. Uwargida tana gyaran kifi, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Maigida, bana dai kachala ta kai har bakin ƙofa." Baƙon Kano zai ɗauka zancen ruwa ake yi. Maigida ya gane, ƙanin ma ya gane, kuma babu wanda zai iya cewa an zage shi. Layi guda ya nuna mana garin, da halin matar, da tsawon zaman aurensu.

Haka wasan Fulani da Barebari yake a kasuwannin yankin. Maganar da Bafillace zai yaɓa wa Babarbare a yi dariya, in wani bare ya faɗe ta sai an raba faɗa.

Akwai masu cewa mai karatu ba zai gane ba. Mun yarda, wani lokaci habaicin yakan wuce shi, musamman in ba ɗan yankin ba ne. Gyaran yana shafukan baya: a nuna masa kachalar tun farko, ya ga masunci yana fama da ita a cikin kwale-kwale, kafin uwargida ta buɗe baki.